Zanin Ibu a Gaban Fitila

Masu turo min saƙo kuna cewa Mas Galih ya yi dacen mata, don Allah ku dakata tukuna. Ku karanta na yau, sannan ku sake shawara. Ni kaina tun ranar Asabar ban yarda mun haɗa ido da madubi ba, kallabi ma da laluben hannu nake ɗaura shi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Kinanthi, Kinan ake ce min. Ni kaɗai mahaifiyata ta haifa, Ibu nake kiranta, kuma tun rasuwar babana mu biyu ne a gidanmu na ƙauye a Bantul. Na yi karatun zane a Yogya, na gama, na yi shekaru ina zana wa masu shagon kofi hoton bango da allon farashi. Sai bana Allah ya sa Gidan Kemuning, cibiyar masu zane, suka ɗauke ni zaman aiki na wata uku. Duk mai zane a garin nan ya san abin da wannan yake nufi. Ɗaki naka kai kaɗai mai na'urar sanyi, kayan aiki duk abin da ka nema a sayo maka, ɗan alawus, ga mai zama da kai duk mako ya duba inda ka kai. A ƙarshe a buɗe ƙofa, manyan masu shirya baje koli su zo su gani. Sharaɗinsu ɗaya ne, ka yi sabon abu wanda ba ka taɓa yin irinsa ba.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Mbak Tyas. 'Yar siririya ce mai gajeren gashi da ƙaton tabarau, kullum cikin baƙaƙen kaya kamar mai takaba, ga murya a ƙasa-ƙasa. Ba ta faɗa, kuma da ma faɗan take yi da ya fi min sauƙi. Na kwashe makonni ina zana gonakin shinkafa da tsaunin Merapi, ina ji da kaina. Ta zo ta tsaya a gabansu ta daɗe, hannunta a aljihu.

"Sun yi kyau, Kinan. Otal zai saya da gudu," in ji ta. "Amma ke kina ina a ciki?"

Ranar a banɗakin cibiyar na yi kukana, na wanke fuska na fito ina murmushi.

To a gida kuma wata wutar ce daban. Ibu sana'arta batik, na hannu, wanda ake zana ado da narkakken kakin zuma a kan farin yadi kafin a tsoma a rini. Inda kakin ya rufe rini ba ya shiga, nan adon yake fitowa. Na mutane take yi don mu ci abinci, amma akwai guda ɗaya da yake nata. Truntum ne, adon ƙananan furanni masu kama da taurari, wanda uwar amarya take ɗaurawa ranar biki. Tun ina sakandare ta fara shi. In ta gama aikin kuɗi sai ta ɗauko shi ta ɗan yi, gaba da baya, ɗigo bayan ɗigo, har idonta ya fara yana. Ta gama zanen kakin tsaf, amma ta ce ba za ta kai shi marina ba sai ranar da aka sa min rana. Haka yake rataye a ɗakinta, fari da ruwan zuma, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado.

Ibu ba ta taɓa buɗe baki ta ce min "yi aure" ba, ba halinta ba ne. Sai dai muna shan shayi da soyayyar ayaba ta kalli ƙofar ɗakinta ta ce zafin bana ya yi yawa, kakin ya fara tsagewa. Ko ta ce idonta ba zai sake yin wani irinsa ba. Ni kuma in yi kamar ayabar ce ta ƙona min baki.

Shi Mas Galih kemis gare shi a bakin kasuwarmu. Ba ni da abin da zan ce ya yi min. Dogo ne, mai yawan rigar batik mai gajeren hannu, ƙamshin man zafi ba ya barin jikinsa. Iyayensa sun so su zo neman aure tun bayan sallah, na roƙa a bari in gama da cibiyar, ya amince ba tare da ya ɓata rai ba. Saƙonsa kullum iri ɗaya ne, da azahar zai shigo.

"Kin ci abinci?"

In na ce a'a sai ya turo hoton kwanonsa, wai in ji haushi in tashi. Wata rana ya rubuto: "Na kai wa Ibu maganin ɗiga a ido. Ta ce kaki yana tsagewa. Na ce ni dai ban tsage ba, ina nan daram." Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na kife wayar ban ba shi amsa ba. Ina son sa, wallahi ina son sa. Tsoro nake ji kawai in shiga gidan aure da hannu biyu babu komai, a ce wance da ta taɓa yin zane.

Ni na kawo shawarar da kaina. Na ce wa Ibu tunda ɗakina na cibiya akwai sanyi dare da rana, me zai hana in kai zanin can ya huta har zafi ya wuce. Ku yarda ko kar ku yarda, rabin zuciyata da gaske take a lokacin. Ɗaya rabin kuwa ta riga ta ji muryar Mbak Tyas. Ibu ta tashi ta naɗe shi a kan gora da takarda tsakanin kowane naɗi, ta rako ni har bakin babur tana cewa in bi a hankali wajen ramukan gada. Har da sa min albarka, wai na fara hankali.

Kwana biyu yana jingine a lungu. A na uku na warware shi na rataye a tsakiyar ɗakin, wai in gani kawai. Fitilun cibiyar farare ne marasa zafi, ba su yi min ba, sai na shiga sito na jawo wasu tsofaffi guda biyu masu jan haske na ajiye a bayansa na kunna.

Jama'a, ban taɓa ganin aikin uwata ba sai ranar. Hasken ya ratsa kakin, kowane fure ya kama da wuta, dubbai, babu wanda ya kauce daga layinsa. Ina tsaye baki buɗe Mbak Tyas ta turo ƙofa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta tambaye ni mene ne wannan, na ba ta labarin duka, da truntum da rinin da ake jira da Mas Galih. Tana saurare tana gyaɗa kai, karon farko tun zuwana da ta zauna a kujera a ɗakina.

Muna cikin maganar na ji wari. Ni 'yar mai batik ce, a cikin warin nan na girma, ko a barci na san kaki ya ɗau zafi. Na waiga, na ga fure ɗaya daga tsakiya ya yi sheƙi, ya kumbura, ya gangaro ya shafe na ƙasansa. Makunnin fitilar yana daidai ƙafata. Yatsa ɗaya ya isa.

"Tsaya," in ji Mbak Tyas a hankali. "Kinan, da gangan kika yi? Jiran ne yake narkewa. Wannan shi ne aikin."

Na ce, "Eh, Mbak. Da gangan ne."

Ga shi nan na rubuta, ku yi min duk zagin da kuka ga dama. Ba mantuwa ba ce, ba rashin sani ba ne. Na san zanin da ba a rina ba adonsa duka a kakin yake, in kakin ya tafi babu abin da zai rage sai yadi mai maiƙo. Na sani, na janye ƙafata daga makunnin, saboda an ce min na yi aiki.

Ba zan ɗora wa cibiyar laifi ba, sun yi nasu. Ƙa'idarsu ce in za ka taɓa aikin hannun wani sai da yardarsa. Mbak Tyas ta tambaye ni ko Ibu ta sani, har ta ce ita za ta je Bantul ta gaishe ta su yi magana. Na ce kar ta wahalar da kanta, Ibu ta sa albarka, kunyar baƙi ne da ita kawai. Daga nan abu ya tafi da gudu. Aka kawo mai haɗa wuta ya daidaita fitilun yadda narkewar za ta tafi sannu sannu har ranar buɗe ƙofa. Aka shimfiɗa baƙin faranti a ƙasa yana tarar ɗigon. Aka kawo mai ɗaukar hoto. Kullum da safe in kunna, da yamma in kashe, in hau babur in koma gida in ci shinkafar da Ibu ta dafa min. Ta tambaye ni zaninta, in ce yana nan lafiya, sanyi ya karɓe shi.

Maganar ranar buɗe ƙofa kuwa, ce mata na yi taro ne na ma'aikata, ba a zuwa da kowa. Na manta Mas Galih yana bin shafin cibiyar. Sun sa ɗan guntun bidiyo, haske ne kawai ruwan zinare yana gangarowa, da sunana a ƙasa. Ya turo min da alamar wuta har uku: "Ashe babbar mace nake nema ban sani ba." Na mayar masa da alamar murmushi.

Asabar na sa doguwar riga ruwan toka da kallabi baƙi, don in yi kama da su. Ɗakin ya cika. Ɗalibai, Turawa biyu, wata mata daga wani gidan adana zane na Jakarta da aka ce in kula da ita sosai. Zanin yana tsakiya, rabinsa na sama ya zama dogayen layuka kamar an yi ruwa a gilashi, na ƙasa da saura furanni. Kowa ya yi tsit yana sauraren ɗigon a faranti. Ina cikin yi wa matar Jakarta bayani da kalmomin da na haddace, sai na ji ƙamshin man zafi.

Mas Galih ne a bakin ƙofa, fuskarsa fal fara'a, hular kwano biyu a hannunsa. A gefensa Ibu, cikin kebayarta, rigar gargajiya ruwan ganye da ba ta sawa sai biki, gashinta a naɗe tsaf, da kwando a hannu an rufe da ganyen ayaba. Abinci ta dafo wa masu kula da 'yarta.

Idonta ba ya gani da kyau daga nesa, sai ta matso. Mutane suka ba ta hanya. Ta tsaya dab da zanin, ta sunkuya wajen gefen da ta saba sa 'yar alamarta, ta daɗe a sunkuye. Ta miƙa yatsa ta taɓa, ta kalli yatsan, ta goge a cikin tafin hannunta.

Kafin ta ɗago Mbak Tyas ta iso da murnarta. Ta kama hannun Ibu da hannu biyu ta rusuna, sannan ta juyo ga jama'a ta ce ga wadda ta yi shekaru tana zana zanin nan, ga uwar da ta sadaukar da shi don 'yarta ta faɗi gaskiyarta. Ta ce ba kowace uwa za ta iya ba. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Na rantse muku na jira Ibu ta fasa ihu. Na so ta fasa. Da ta mare ni a gaban matar Jakarta da na gode mata. Amma Ibu sai ta haɗa hannuwanta a ƙirji ta ɗan sunkuyar da kai, tana murmushin da take yi wa masu sayen kaya.

"Duk abin da nake da shi ai nata ne," in ji ta. "Na gode da kuka riƙe min ita."

Ta miƙa wa Mbak Tyas kwandon, ta ba da haƙuri wai girkin ƙauye ne. Aka ɗauke mu hoto, ni da ita a gaban zanin, hannunta a bayana. Ta rufa min asiri a gaban mutanen da ba ta sani ba, kuma ban taɓa jin na muzanta irin na lokacin ba. Muna tsaye ana gyara kyamara ta yi magana ba tare da ta juyo ba, yadda ni kaɗai zan ji.

"Da ɗigon farko ya sauka, kina wurin?"

"Ina wurin, Ibu."

Ta gyaɗa kai kawai. Aka ɗau hoton.

A tsakar gidan cibiyar na cim musu, Mas Galih yana ɗaure mata igiyar hular kwano. Fara'ar nan ta tafi, kunnuwansa sun yi ja. Ibu ta ce masa, da ladabinta kamar kullum, ya gaishe da iyayensa, ya ce musu su ɗan dakata da zuwan da za su yi, don ba ta da abin ɗaurawa. Ya ce to. Sai da ta hau ta gyara zama sannan ya matso kusa da ni.

"Ni na kawo ta, Kinan. Na ɗauka kunya kike ji ta ga an yaba miki. Tun asuba take girki."

"Mas, bari in yi maka bayani."

"Ba ni za ki yi wa ba."

Ya tayar da babur suka fita. Kuna tsammanin na bi su, ko? Ban bi ba. Na koma ciki, saboda matar Jakarta tana jira. Na tsaya na gama bayanina, na karɓi katinta, ta ce suna son aikin a babban baje kolinsu na baɗi. Fitilun suna kunne duk tsawon lokacin.

Da aka watse Mbak Tyas ta zauna tana buɗe kwandon. Shinkafa ce da gudeg, mahaɗinmu na gargajiya mai zaƙi-zaƙi, da dafaffen ƙwai, an jera komai kamar za a kai gidan surukai. Ta daɗe tana kallo ba ta ci ba, sannan ta ce, "Ba ta sani ba, ko?" Ta tashi da kanta ta kashe fitilun, ta zare wayar wutar daga bango. Ta ce ba za a sake kunna su ba, kuma babu zancen Jakarta, sai mai zanin ta faɗa da bakinta, ba a gaban jama'a ba. Ta ce ita ma da laifinta, da ta je Bantul ɗin kamar yadda ta yi niyya. Ko kallon banza ba ta yi min ba. Ranar kowa ya rantse sai ya kashe ni da kirki.

La'asar sakaliya na isa gida. A hanya na shirya magana iri iri, in durƙusa in kama ƙafarta, in ce zan narkar da sauran in sake zana shi da hannuna ko zai ci min shekara goma, in ce a sa ranar gobe ma na yarda. Falo babu kowa. Kebayar tana ninke a kan kujera. Daga bayan gida nake jin warin kaki.

Tana zaune a 'yar kujerarta ta aiki cikin tsohuwar rigar gida, ƙaramin kasko a kan garwashi, sabon farin yadi a rataye a gabanta. Ta kusa manna fuskarta da shi saboda idon. Na ce a raina ta yafe, wani truntum ɗin ta fara, Allah na gode maka. Na cire takalmi na matso a kan gwiwoyina.

Ba furanni ba ne. Ƙananan murabba'ai ne, kowanne an raba shi gida huɗu. Ko yaron ƙauyenmu ya san adon nan, slobog ne, wanda ake lulluɓa wa makara.

"Ibu, na wa ne wannan?"

Ta hura bakin ɗan cokalin tagullar da take zana kaki da shi, ta ja layi ɗaya a hankali har ƙarshe kafin ta amsa.

"Nawa ne. Shi dai na tabbata ranarsa za ta zo."

Wayata ta fara ruri a aljihu. Na leƙa, Mas Galih ne, mutumin da bai taɓa kirana ba sai dai saƙo. Ibu ba ta kalli wayar ba, ba ta kalle ni ba. Da ƙafa ta turo min mafici.

"Fifita min wutar nan, kakin ya fara daskarewa."

Na bar wayar tana ruri, na ɗauki maficin.